Abin da Tafin Hannu Bai Gani Ba

Shekara arba'in ina karɓar haihuwa a Mai Wurno,
tafin hannun nan shi ne idona.
In na dafa ciki na san kai ya juyo,
na san ɗan da ya kwanta a gicciye,
na san wanda zai riƙe uwarsa a gwiwa har asuba.
Iyakar sanina ke nan,
ban kuma taɓa ƙara masa gishiri ba.

Ran Talata jikata Hairiyya ta ce,
"Iya, an rubuta min hoton ciki a Sinnar.
Wata takwas, kowa ma turawa suke."
Na ce, ina ke miki ciwo?
Babu. Ƙafa ba kumburi, jini bai hau ba,
kisra take ci kamar mai dawowa daga girbi.
Me zai kai mai lafiya gidan magani?
Na dai yafa mayafi na bi ta.

Raksha ta jijjiga mu har bakin madatsa,
Nilu na tumbatsa, jajawur da lakar damina.
A asibiti wuta ta ɗauke sau biyu.
Mata sha ɗaya a benci, kowace da katinta,
suna fifita da shi.

Likita Intisar ba ta kai autata ba.
Ta shafa wa cikin wani mai, sanyi ƙalau,
yauƙinsa kamar kuɓewa,
ta ɗora wani abu mai kama da ɗan magurji.
Allo ya yi dishi-dishi, ruwan wankin gero,
can sai ga ƙashin baya
a jere, ƙwaya bin ƙwaya, tamkar carbina.
Ta ƙirga ɗakunan zuciya: wahid, itnen, talata, arba'a.
Leɓe a haɗe. Kai daidai watanninsa.
Ni da na tarbi ɗaruruwa a bakin ƙofa,
yau na leƙa baƙo tun yana ɗaki.

Sai ta yi shiru.
Na san shirun nan, na sha yin irinsa
da hannu a kan cikin 'yar mutane.
Ta koma baya, ta auna, ta sake aunawa.
"Ƙodar hagu ta ɗan tara ruwa.
Kaɗan ne. Yawanci yakan wuce da kansa.
In an sauka, ku kawo shi mu duba."

Yawanci.
Kalma ce marar nauyi a bakin mai faɗa.
Hairiyya ta shigo da ciki ɗaya,
ta fita da kaya biyu.
Ko gasasshen kifin da ta yi ta kwaɗayi a hanya
ba ta waiwaya ba.
Na ce a raina, da mun yi zamanmu,
da yau ta yi barci.

Dare ya raba, na ji tana juyi.
"Iya, taɓa min."
Na taɓa. Ya harbe ni da diddige.
Sai ɗan Tabawa ya faɗo min a rai,
shekara ashirin da wani abu,
jinjiri sumul, na yanke cibi na yi guɗa,
kwana uku tsummansa a bushe,
muna ta yabon tsaftarsa.
Ba a kai ga suna ba.
Da akwai mai ce mana, ku kawo shi mu duba.

Ban faɗa mata wannan ba.
Na ninke takardar, na sa a gwangwanin
da nake ajiye zare da sabuwar reza.
Ta ce, "Me kika ji?"
Na ce, kai ya juyo, yana kan hanya.
Sauran, ranar da aka ce mu koma,
ni zan goya shi har Sinnar.